Abin da ba ta faɗa a talabijin ba

Daren Laraba, Disamba 2022, Al Muntazah

Yau kwana tara ina tuƙa wata 'yar jarida baƙar fata da aka turo daga Turai saboda gasar ƙwallon ƙafa ta cin kofin duniya. Da safe ta shigo mota ranta a ɓace. Mai gadin otal ya sake tare ta, ya ɗauka mai shara ce, alhali abokan aikinta Turawa sun wuce ba tambaya.

Da yamma a garin Al Rayyan na tsaya bayan kyamara ana hira da ita a talabijin. Aka tambaye ta batun wariyar launin fata, sai ta yi murmushi ta ce ai abubuwa suna gyaruwa.

A hanyar komawa na kasa haƙuri. Na ce, "Madam, me ya sa ba ki faɗi abin safe ba?"

Ta ce, "Sani, masu kallona yawancinsu Turawa ne. In na faɗa, fushina za su gani, ba za su ji maganata ba."

Na so in ga laifinta. Amma ni ma sau nawa Bature ya tambaye ni a mota yadda ake riƙe da mu baƙin ma'aikata a ƙasar nan, na ce masa lafiya lau?