Ƙusar da Ake Rataye Murfi

Litinin, 7 ga Afrilu 2025

Yau na fara zuwa cibiyar koyon kwamfuta a Bompai. Mu ashirin ne: masu keken guragu, masu sanda, da waɗanda zaman banza ya cinye. Tun kafin mu zauna wani mai kyamara ya ce in fito da hannuna na dama daga aljihu, wai don masu ba da tallafi su gani. Na ce ya je Sharada ya tambayi injin niƙa roba, shi ya riƙe sauran. Shekara biyu dungun nan yana aljihu, ba a kansa zan fara talla ba.

Laraba, 16 ga Afrilu

Kalma tara a minti ɗaya, da hagu. Malama Nafisa, mai koya mana, ta ce ba laifi. Ni da na koyi karatun boko a jikin buhu da jaridar ƙunshin ƙosai, wannan allon ne zai gagare ni?

Litinin, 5 ga Mayu

Kalma ashirin da shida! Na wuce masu hannu biyu har mutum takwas. Na ƙirga su.

An haɗa ni aiki da Malam Lawan, tsohon ma'aikacin masaƙa, shekara goma sha huɗu ba aiki tun da aka rufe ta. Da yatsa ɗaya yake danna harafi, sai ya yi bisimilla tukuna. Na ce, "Baba, mu biyu yatsu goma sha biyar, shida ke aiki." Ya ce, "Sagiru, bakinka ma ai yatsa ne, ƙirga da shi."

Alhamis, 15 ga Mayu

An ba mu aikin gwaji: manhajar waya da ma'aikaci zai duba lafiyar inji kafin ya kunna. Wani kamfanin roba ne ke so. In ta yi musu, su ɗauke mu mu biyu aiki a ofis. A Sharada. Ba wanda na bar hannuna a cikinsa ba ne, amma layi ɗaya suke. Na rantse ba zan sake taka unguwar ba. Baba Lawan sai goge tabarau yake. 'Ya'yansa bakwai.

Asabar, 24 ga Mayu

Mun je. Warin narkakkiyar roba ya tare mu tun daga ƙofa.

Foman mai kula da ma'aikata yana juya baya, wani Kamilu ya kwance murfin bakin injin ya rataye a ƙusa, ya ci gaba da tura roba da hannu don buhunan shif ɗinsa su cika da wuri. Ƙusar har ta yi sheƙi. Ban san lokacin da na ce masa jaki ba. A hanya Baba ya ce, "Ko nuna maka ba a yi ba ka gano ƙusar nan."

Na ƙara tambaya ɗaya a manhajar: Murfi yana jiki? Sai an ɗauki hotonsa take wucewa gaba.

Talata, 3 ga Yuni

Manaja, Alhaji Musbahu, ya yaba komai sai tambayar murfi. Wai tana cinye lokaci, mu cire ta a gama magana. Baba ya taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur. Zagi uku na shirya, masu kyau kuwa.

Ban yi ba. Na zaro dungun na aza a kan teburinsa, kusa da kofin shayi. Na ce, "Ranka ya daɗe, kowa na faɗa masa injin da ya ci hannun nan ne ba shi da murfi. Yana da shi. Ni na cire, da wannan hannun."

Ko Inna ban taɓa faɗa wa ba.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce za su neme mu. Na ɗauka na kashe wa dattijo aiki. A adaidaita na buɗe baki zan ba shi haƙuri, ya ce, "Rufe, kada ka ɓata."

Litinin, 16 ga Yuni

An ɗauke mu. Tambayar tana nan. Hoton farko da ya shigo na Kamilu ne: murfi a jiki, shi kuma ya murtuke fuska a gefe. Na ajiye shi.

Baba ya kai kalma goma sha ɗaya, da yatsu biyu. Ni na koya masa.

Da na dawo Inna ta ce yau ba ta ga hannuna a aljihu ba. Na ce zafi ake yi, kuma aljihun rigar nan ƙarami ne.