Ragon Hajara ya shige waya

Alhamis da dare, Gumel

Yau na kai ragon matata Hajara kasuwar Maigatari. Wani Badamagare ya saya, ya biya da sefa. Da na canza, maimakon in kawo mata nairarta, sai na zuba a kirifto, kuɗin intanet, wai kafin la'asar in ci ribar da zan saya mata atamfa. Na manta halin bakin iyaka: wayata ta kama layin Nijar, intanet ya ɗauke, ba damar sayarwa. Kafin in iso gida rabi ya tafi.

Na nuna mata wayar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, rago na ba ka mai ƙaho da kitse. Wannan jan layin a wane turke zan ɗaure shi?"

Tuwo ma ya ƙi ciyuwa. Dukiyarta ce, kuma ban tambaye ta ba. Gobe zan cire ragowar, in fita acaɓa tun asuba, Gumel zuwa Gagarawa, ko sawu nawa ne. Ta bar igiyar a turke, ta ƙi kwancewa. Ni ma ba zan taɓa ta ba sai da rago a hannuna.