Tumatirin Arlene

Des Moines, cikin watan Maris

'Yata Corinne,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wasiƙar nan ta same ki lafiya, ke da mijinki Hollis da yara. Yaya zafin Phoenix? Mu nan dusar ƙanƙara ta fara narkewa, ta koma baƙin taɓo a bakin titi. Ni lafiyata ƙalau, ina ci, ina barci. Matan coci ba su daina kawo tiren taliya da nama ba, firij ya cika har ƙofarsa ba ta rufuwa sosai.

Kin tambaye ni a waya yadda nake ji. Tun da aka binne mahaifiyarki a Janairu ban yi kuka ba, ban kuma yi dariya ba. Ina nan kamar dasashin da likitan haƙori ya yi wa allura. A kujerar falo nake kwana. Ɗakinmu a rufe yake, gadon yana yadda Arlene ta tashi daga kansa ranar da muka tafi asibiti. Wani lokaci nakan buɗe ƙofar in tsaya, in ji ƙamshin man da take shafawa, in rufe.

Abin da ya sa na rubuto, maganar tumatir ce. Kin san jan nan mai tsagi da kakarki ta ba ta, wanda babu kantin da ke sayar da irinsa. Bara ciwo bai bar ta ta ajiye iri ba, ni kuma hankalina bai kai wurin ba. Na sami wasu tsofaffin ƙwayoyi a gindin kwalba, ba su cika cokalin shayi ba. Na shuka su duka a kofuna, a ɗakin ƙarƙashin gida, ƙarƙashin fitilar da take rainonsu da ita. In ba su fito ba, irin ya ƙare a hannuna ke nan.

Maganar sayar da gida in dawo wurinku, a bar ta tukuna.

Ki gaida yara.
Mahaifinki, Lowell

Ƙarshen Afrilu

Corinne 'yata,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya murar ƙaramin, ya warware? Na ga hotunan, na gode.

Tumatirin sun fito, amma ba duka ba, guda takwas. Na tsaya a kansu ina jiran in ji wani abu, ban ji ba, sai na zuba musu ruwa.

Makon jiya garin nan ya yi ɗumi irin na yaudara. Mutane sun fito da gajeren wando, kantuna sun jera yabanya a ƙofa. Na ɗauki shebur na fita lambu. Delbert maƙwabcinmu, kin san shi da sa ido, ya leƙo ta kan shinge ya ce, "Tsoho, ina za ka da shebur? Shekara nawa kana cin tumatirin matar nan, ba ka taɓa lura da ranar da take dasawa ba? Kafin Ranar Uwa, Lahadi ta biyu a Mayu, ko kwandon shara ba na bari a waje." Na ce masa ni ɗaukar taki aka ɗauke ni yi, ba a taɓa ba ni ilimin ba. Ya yi dariya shi kaɗai. Kwana biyu bayan haka aka wayi gari gilashin mota ya daskare.

Shi ya koya mini in riƙa fito da su inuwa da hantsi, in mayar da su ciki da yamma, har su saba da iska. Haka nake yi, da tire a hannu, sama da ƙasa. Gwiwata ba ta so.

Tafarnuwar da mahaifiyarki ta binne a Oktoba ta huda ciyawa ta fito, layi biyu miƙaƙƙu. Ban ma san ta samu ƙarfin yin wannan ba. Zomaye sun cinye latas.

Kin ce in wanke kayan gadon in buɗe taga iska ta shiga. Na ji.

Naki,
Baba

Tsakiyar Mayu

'Yata abar ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Furannin da kika aiko na kai su kabarin mahaifiyarki ranar Lahadi, Ranar Uwa. Washegari na dasa tumatirin a jikin shinge, inda rana ta fi daɗewa.

Shekaranjiya da yamma iska ta juyo daga arewa, sama ta washe tas, rediyo ya ce raɓa za ta daskare kafin gari ya waye. Kafin rana ta faɗi duk layinmu ya zama fari, kowa ya lulluɓe lambunsa da tsofaffin zannuwa. Na buɗe akwatin da mahaifiyarki take tara tsofaffin zannuwan gado, na tarar babu komai. Sai na tuna kin kwashe su bayan jana'iza kin kai coci, kin ce tsummokara ne. Ba laifinki nake gani ba. Kin daɗe a inda ruwa ba ya daskarewa, ni kuma ina tsaye na riƙe miki jakar.

Delbert ya riga ya ƙarar da nasa, har da labulen banɗaki. Ya ce kada in kuskura in sa leda, duk ganyen da ta taɓa zai ƙone. Na kifa bokitai a kan uku, saura biyar a fili. Na san akwai kanti, mota kuma tana bakin ƙofa. Amma ƙafata ɗakinmu ta kai ni. Na yaye bargon, na cire zanen nan mai shuɗin fure da take kwance a kai, na fita da shi, na shimfiɗa a kan sanduna, na danne gefuna da bulo. Ban ji komai ba, sai sanyi a yatsu.

Da safe zanen ya ƙage kamar kwali. Da rana ta ɗaga na yaye. Biyu na ƙarshen layi sun yi baƙi sun kwanta. Shida suna tsaye.

Na shanya zanen a igiya, da ya bushe na kai hancina. Ƙamshin man ya tafi, Corinne, ko kaɗan bai saura ba. Ƙasa kawai nake ji da ganyen tumatir. Na ɗan jima a tsaye kafin in gane cewa haka hannuwanta suke ƙamshi daga Yuni har sanyi ya sauko, duk shekarun da muka yi. Sai na zauna a matakala da zanen a fuskata. Delbert ya fito, ya gan ni, ya juya ya kama gyaran tiyon ban ruwansa da ba abin da ya same shi. Ya daɗe yana gyara.

Jiya a gadon na kwana.

Ki gaya wa dillalin gidan nan ya daina bugo mini waya. Tumatirin sai Agusta suke nuna, kuma Delbert ya ce cire iri yana da nasa tsari. In kun zo ki taho da ƙaramar kwalba.

Allah ya tsare min ku.
Mahaifinki mai ƙaunarki,
Lowell