Ku Mayar wa 'Yata da Fatarta

Zuwa ga Alhaji Mai Makaranta da Malam Hedimasta, na makarantar kuɗin da 'yata Zulai take karatu a nan cikin Daura.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku da malamai baki ɗaya. Ni ce mahaifiyar Zulai ta aji huɗu. Na je ofishinku aka ce Alhaji ya tafi Katsina. Na koma, Malam Hedimasta ya saurare ni yana danne-dannen waya, ya ce abin bai kai ya kawo ba. To tunda a ɗaki ba a ji ni ba, bari in fito tsakar gida in faɗa kowa ya ji.

Na ɗaya. A zangon da ya wuce Zulai ce ta zo ta ɗaya a ajinsu, kuka ce za a sa hotonta a babbar fostar da kuke ratayewa a ƙofar makaranta don talla. Wallahi na yi murna, har sabon hijabi na saya mata. Da aka rataya fostar na ɗauko kakarta da ta zo mana daga Baure, muka je gani. Tsohuwa ta ƙare wa fostar kallo, ta juyo tana tambayata wai ina jikar tata. Hijabin nata ne, wushiryar tata ce, amma fatar ba tata ba ce. An zauna gaban kwamfuta an wanke min yarinya, ta koma fara sol. Zulai baƙa ce wuluk, irin ubanta, irina, kuma ban taɓa jin Allah ya rage mu da komai ba.

Na biyu. Malam Hedimasta ya ce aikin mai hoto ne, wai gyara ne, haka ake yi wa kowa. Gyara? Ai abin da ya lalace ake gyarawa. Ku faɗa min abin da ya lalace a fuskar 'yata. Na taka har shagon mai hoton, ya rantse cewa daga makaranta aka ce ya haskaka yaran don fostar ta ja ido. Ashe ƙwaƙwalwarta ta isa ku yi talla da ita, fatarta ce ba ta isa ba.

Na uku. Malam ya ce ba wanda ya taɓa zagin ta a kan baƙi. Na yarda. Amma ba sai an zagi yaro yake ɗaukar darasi ba, yaro ido gare shi. A wasan kwaikwayon bikin yaye ɗalibai, gimbiya kullum fara ce, Zulai kuwa baiwa ce mai yi mata fifita. Masu tarbar manyan baƙi da lemo duk farare kuke zaɓa. Na san ciwon ba a makarantarku ya fara ba. A ranar sunan jariri, mata sukan duba kunnensa su gane ko zai yi baƙi. In fari ne a rangaɗa guɗa, in baƙi ne a ce Allah ya raya, murya a sanyaye, yara kuma suna tsaye suna kallo. Su ne suke girma su zama malamai da masu hoto, suna yin abin ba su ma san suna yi ba. Amma ni magani na kai ta nema a wurinku, sai kuka ƙara mata ciwon.

Na huɗu, kuma shi ne ya ƙona min rai. Zulai ba ta yi fushi da fostar ba. Daɗi ta ji. Kullum sai ta tsaya a ƙofa ta kalli yarinyar nan, ta kuma ce min ashe haka take da kyau in ta yi fari. Daga nan ta faki ido ta ɗebo man bilicin a ɗakin wata maƙwabciyarmu, tana shafawa a ɓoye, har kumatunta suka saɓule muka kwasa sai asibiti. Yarinya 'yar shekara tara, jama'a!

Saboda haka ga abin da nake nema. Ku sauke fostar nan, ku sake buga ta da Zulai yadda Allah ya halicce ta. Kada ku ce za ku cire ta ku sa wata fara a gurbinta, da guminta ta hau wurin. Malam Hedimasta ya tsaya a taron safe, gaban yara, ya ce makaranta ta yi kuskure, don bakin malami ya fi nawa nauyi a kunnenta. In kuma za a raba aikin wasa ko tarbar baƙi, a duba ƙoƙarin yaro.

Wasu sun ce in canza mata makaranta a huta. Ba inda za ta je. In Juma'a mai zuwa ta yi fostar nan tana rataye, da rana tsaka zan zo da tsani da almakashi in sauke ta da hannuna, ku kira duk wanda za ku kira. Domin jiya ina shafa mata magani, ba ta tambaye ni yaushe zafin zai tafi ba. Abin da ta tambaya, da murnarta, shi ne ko in ciwon ya warke wurin zai fito fari.

Allah ya ƙara wa Alhaji arziki na halal, ya ba malamai ikon riƙe amanar 'ya'yan mutane, ya kuma tsare naku 'ya'yan daga ranar da za su ƙi fuskarsu.

Wassalam.

Maman Zulai, Daura.