Kan Eriyata da Aka Sare a Mangwaron Mama Asabe

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tsaro na unguwarmu, Kafanchan.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da matasan da ke hana idonsu barci domin mu yi namu. Na je gidanka ban same ka ba, na bar saƙo ban ji amsa ba, shi ya sa na rubuto a fili.

Ni ne Malam Bulus, wanda ya koyar da kimiyya a Kachia har ya yi ritaya. Tun rasuwar matata, abin da ke ɗebe mini kewa shi ne rediyon da nake gaisawa da masu irin sha'awata a ƙasashe masu nisa. Ina da lasisin gwamnatin tarayya a kansa.

Na farko, batun eriya. Zangon rediyo na mita tamanin da nake amfani da shi yana son waya mai tsawon kusan mita arba'in, alhali tsakar gidana ko mota biyu ba za ta ɗauka ba. Na yi shekaru ina dabara. Na naɗe wani sashe a jikin bututun roba, na zagaya da sauran ta bayan ɗaki, duk da haka ban taɓa wuce ƙasashen maƙwabta ba. Sai Mama Asabe, gwauruwar da muke katanga ɗaya, ta gan ni ina fama da gora a kan tsani, ta ce in ɗaura bakin wayar a mangwaronta kafin in karya ƙafa. Bayan 'yan kwanaki, da asuba, wani dattijo a Brazil ya amsa mini ta ƙwanƙwasa irin ta tangarahon da. Nan take na mayar masa da gaisuwa.

Na biyu, Asabar da ta wuce, ina wajen jana'iza a Manchok, matasanka suka shiga gidan Mama Asabe, suka sare reshen mangwaron, suka kwashe wayar, wai da ita ake kai wa masu garkuwa da mutane labari. Suka tsare tsohuwa da tambayoyi a gaban jikokinta.

Ban raina tsoronsu ba. Ni ma na binne ɗalibina da aka kashe a gonar citta. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Amma da sun jira na dawo, da na kunna musu sun ji da kunnensu.

Na uku, kuma shi ya fi damuna. Mama Asabe da ƙosai take ciyar da jikokinta marayu. Yanzu masu saye suna wuce ta su je gaba. Ranar Lahadi a majami'a, ita kaɗai ce a bencinta. Da aka tashi ta tare ni ta ce, "Malam, me na yi?" Alhali alheri kawai ta yi mini.

Roƙona shi ne ka zo da dattawan unguwa da duk jami'in da ka yarda da shi, ku duba lasisina da kayana. In kun gamsu, a maido mini wayata, mu zauna mu ga inda za a ɗaura ta da sanin kowa. In kuma kun ce a bari sai hankula sun kwanta, zan haƙura, ko da yake zai yi mini ciwo. Abin da ba zai jira ba shi ne wannan baiwar Allah. Ka tsaya da kanka a ƙofar gidanta da safe, lokacin da take suya, ka faɗa wa mutane ba ta da laifi.

Ubangiji ya ƙara maka hikima, ya tsare ka da matasanka, ya ba ƙasarmu salama.

Wassalam.

Naka,
Malam Bulus