Ƙaramin Tankin Yana Zaurena

Zuwa ga ƙanena Malam Umaru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Hajiya da yara, da fatan zaman Legas da sauƙi. Ni jiki sai godiya, masallaci ma sai da sanda.

Maganar ɗanka Garba ce, shi kaɗai Allah ya bar mini cikin 'ya'yan da na haifa. Da, in ya ɗauko lodin albasa a a-kori-kurarsa, sai ya tsaya shan gas a gidan man da ke ƙofar gidana, ya shigo mu gaisa. Bana mai walda ya ɗaura masa babban tanki. Yanzu a Aliero yake cikawa, ya ci tuwo gidan surukinsa, ya wuce ni da hon. Tsohon can ya samu ɗa, ni na samu hayaƙi.

Da damina lodi ya yanke, motar ta yi wata uku a ajiye. Gas ɗin ya kwanta, ya tara ruwa da dauɗa. Ranar da ya tashe ta, nan Jega ta mutu masa. Bakanike ya ce sai an sauke tankin an wanke. Kwana uku Garba yana ɗakina. Allah ya gafarta mini, Umaru, daɗi na ji.

Ƙaramin tankin da aka cire yana zaurena, na hana a sayar. Ka rubuto masa ya mayar da shi, maganarka yake ji. Ka ce don lafiyar inji ne, kada ka ambace ni.

A sa ni a addu'a. Gaida mutanenmu na can.

Yayanka,
Abubakar