Aiken Baba Kan Dutse

Litinin, 12 ga Afrilu, 1993
Har yanzu ina Jajaye. Ɓarin jikin Baba na dama bai motsa ba. Ni kuma zama ya ishe ni. Aikina na masaƙa yana can Kano, ina nan ina korar ƙuda.

Laraba, 14 ga Afrilu
Mutumin da bakinsa ya karkace, amma ba shi da zance sai na dutsen bayan gari. Tun yana saurayi kullum sai ya hau, ba farauta ba, kallo kawai. Yau ya ce, "Barau, je ka gano mini ko rema sun haihu." Rema, 'yan dabbobin nan na kogon dutse! Ƙanwata Safara'u ta harare ni, dole na ce to.

Asabar, 17 ga Afrilu
Na hau. Santsi, ƙaya, gwiwa ta goge. Ban ga komai ba sai kashinsu a bakin kogo. Da na faɗa masa ya juya fuska bango. Wai tafiyata ta 'yan birni ce, da ƙara.

Alhamis, 22 ga Afrilu
Zafi. Na kasa zaune na kasa tsaye.

Talata, 4 ga Mayu
Lukumanu abokin aikina ya aiko direban motar kasuwa: in ban koma wannan makon ba za a ba wani injina. Na haɗa kaya, na kwance, na sake haɗawa. Safara'u ta ce, "Yaya, ka tafi mana, ai muna nan." Da faɗa ta yi da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 7 ga Mayu
Bayan asuba na cire takalmi na hau, na lafe jikin wata ɗinya kamar yadda ya ce. Sai da rana ta taɓa dutsen rema suka fito shan hantsi. Uwa da 'ya'ya biyu, ɗaya a bayanta. Can ƙasa fakara na kira, shamuwa sun sauka kan kukar masallaci, hadari na haɗuwa ta gabas. Da gudu na sauko na faɗa wa Baba. Ya sa na maimaita sau ba adadi. "Biyu?" Ya yi dariya da rabin baki, miyau na zuba, hawaye ma. Tunda ya kwanta sai yau ya shanye kununsa.

Lahadi, 16 ga Mayu
An yi ruwa jiya, ƙoramar da ke tsagin dutse ta kawo. Motar Kano ta wuce ina sama, na hango ta ƙarama tana tsallake kwari. Zan samu wata, ba gaggawa. Baba barci yake yi lokacin da na fita, bai aike ni ba. Iska kawai na je sha.